JIRAGEN YAƘIN RASHA A HANNUN SINAWA: An Saye Su Da Tsada, An Sake Musu Kayan Ciki

Mutanenmu mazauna Ikko, musamman masu neman abinci a wajajen Apapa, za su tuna da baƙin da suka sauka a farkon watan Yuli na 2023, sa'ad da jiragen ruwan soja guda uku na ƙasar Sin suka kawo ziyarar kwana biyar. Jagoransu sunansa Nanning, irin manuwar nan da Turawa ke kira distiroya, watau mai ragargaza. A ƙasar Sin aka zana shi, a can aka ƙera shi, makaman da ke kansa kuma na Sinawa ne.

To, shekara 25 kafin wannan ziyara, in Sin tana bukatar jirgin da zai sa abokan gaba su yi tunani sau biyu, sai dai ta ɗaura kuɗi ta nufi Rasha. Sau biyu ta yi irin wannan cefane, jirage huɗu a zamanin Mao, huɗu kuma bayan rushewar Tarayyar Sobiyat, duka takwas ɗin kuwa saboda tsibiri guda ne, watau Taiwan, wanda a da ake kira Formosa.

HUƊU NA FARKO

Lokacin da 'yan kwaminis suka kafa mulki a 1949, Chiang Kai-shek ya tsallaka Taiwan da sauran sojojinsa da kuma galibin jiragen ruwan da ke da amfani. Rundunar mayaƙan ruwa da 'yan kwaminis suka kafa ran 23 ga Afrilu na wannan shekara, a kusa da garin Taizhou, tarkace kawai ta gada: tsofaffin jiragen Japan, da ƙananan jiragen kogi, da na fatake waɗanda aka ɗora wa bindiga. Mashigin da ya raba Taiwan da babban yanki bai fi kilomita 130 ba a inda ya fi ƙunci, amma ga wanda ba shi da jirgi, ruwan nan daidai yake da katanga.

Saboda haka a 1953 aka ƙulla yarjejeniya da Mosko. Jirage biyu suka iso tashar Qingdao a 1954, biyu kuma a 1955, aka raɗa musu sunayen garuruwan masana'antu: Anshan, da Fushun, da Changchun, da Jilin wanda daga baya aka mayar Taiyuan. Ba sababbi ba ne. Tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu aka zana su, da taimakon injiniyoyin Italiya, sun kuma yi wa Rashawa aiki fiye da shekara goma a tekun Fasifik. Ko wanne nauyinsa wajen ton 2,000, da igwa huɗu masu bakin milimita 130. Sinawa kan ba da labari cewa kuɗin ko wanne ɗaya ya kai darajar ton 17 na zinariya. Duk da tsufansu su ne manya a rundunar har wajen shekara 16, ana yi musu kirari da "manyan dogarai huɗu", kamar gumakan nan huɗu masu tsaron ƙofar ɗakin ibadar Buda.

Zumuncin bai daɗe ba. A 1960 Khrushchev ya janye ƙwararrunsa daga ƙasar Sin, a 1969 har aka gwabza faɗa a kan iyaka, a kogin Ussuri. Kayan gyara suka yanke. Nan Sinawa suka gane da kansu cewa zanen aro ba ya rufe katara, suka shiga ƙera ƙusa da bututu da duk abin da ya lalace da hannunsu. Wajen farkon shekarun 1970 suka cire bututun harba tofido daga jiragen huɗu, watau nakiyar nan mai gudu a ƙarƙashin ruwa, suka dasa makamai masu linzami ƙirar gida a gurbinsu, waɗanda su ma daga wani makamin Rasha aka kwaikwaye su. Da wannan dabara tsofaffin jirage suka ci gaba da aiki har tsakanin 1989 da 1992. An ajiye Anshan a gidan tarihin mayaƙan ruwa na Qingdao don masu kallo. Wannan al'ada ta a bar gangar jiki ta Rasha a sake kayan ciki, tun daga nan ta samo asali.

ABIN DA YA FARU A 1996

Jiragen da Sin ta ƙera da kanta daga 1971 suna da gudu, suna da makaman harbin jiragen ruwa, amma kusan tsirara suke ta sama. In jirgin saman yaƙi ya taso musu, bindiga kawai gare su. A shekarun 1980, da dangantaka ta yi daɗi da ƙasashen Yamma, an sayo injuna daga Amurka da makamai daga Faransa, amma bayan abin da ya auku a dandalin Tiananmen a watan Yuni na 1989, Amurka da Turai suka rufe ƙofar sayar wa Sin makamai.

Ana cikin haka sai shugaban Taiwan, Lee Teng-hui, ya ziyarci Amurka a 1995. Bejin ta fusata. Ta harba makamai masu linzami cikin teku kusa da tsibirin, ta sake yin haka a watan Maris na 1996 ana gab da zaɓen shugaban ƙasa na farko da jama'ar Taiwan suka yi kai tsaye. Shugaba Clinton ya amsa da aiko manyan jiragen ruwa biyu masu dakon jiragen sama, Independence da Nimitz, tare da 'yan rakiyarsu. Hafsoshin Sin suka duba rumbunsu, ba su ga abin da za su tsorata waɗannan ƙattai da shi ba. Lee kuwa ya ci zaɓensa.

A ɗaya gefen, Rasha na cikin matsi. Tarayyar Sobiyat ta watse a ƙarshen 1991, ma'aikatun ƙera makamai ba su iya biyan albashi. A ma'aikatar Severnaya da ke birnin Leningrad, wanda aka mayar wa tsohon sunansa na Sant Fitasbag, akwai gangar jirage biyu da aka fara ƙerawa a 1988 da 1989, aka yi watsi da su don rashin kuɗi. Mai kuɗi na neman kaya, mai kaya na neman kuɗi. Babban hafsan da ya fi tsayawa a kan cinikin makamai da Rasha a lokacin, Liu Huaqing, shi kansa a Leningrad ya yi karatun aikin sojan ruwa a shekarun 1950, ya san mutanen, ya san kayansu. Aka fara magana a 1996, aka ƙulla a 1997, a kan kuɗi wajen dala miliyan 800.

WANE IRIN JIRGI NE?

Rashawa suna kiran wannan ƙira da lamba 956, ƙasashen Yamma kuwa suna kiranta Sovremenny, sunan jirgi na farko da ya fara aiki a 1980. Ma'anar kalmar ita ce "na zamani". Tsawonsa mita 156, watau filin ƙwallo ɗaya da rabi. In an cika shi da mai da makamai yana kusan ton 8,000, yana gudun kusan kilomita 60 a awa, mutane wajen 300 ke aiki a cikinsa. Asali an zana shi ne don ya yi ruwan wuta a kan gaɓa sa'ad da sojoji ke sauka daga teku, shi ya sa aka ɗora masa manyan igwa masu baki biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, masu jifa fiye da kilomita 20. Yana kuma ɗauke da makamai 48 na kakkaɓo jiragen sama, da jirgi mai saukar ungulu guda.

Amma ba don igwa Sinawa suka biya wannan kuɗi ba. A ko wane gefen jirgin akwai manyan bututu huɗu a kwance, cikin ko wanne akwai makami mai linzami wanda Rashawa suka raɗa wa suna Moskit, watau sauro. Wannan sauro nauyinsa wajen ton huɗu ne. Yana tafiya ƙasa-ƙasa dab da ruwa don kada na'urar rada ta hango shi da wuri, gudunsa ya ninka na ƙara fiye da sau biyu, yana kuma kai wa kilomita 120. In mai karatu yana son ya kwatanta, tazarar Ikko zuwa Badun ke nan a cikin minti uku. Daga sa'ad da ma'aikatan jirgin da aka harba wa suka gan shi ya ɓullo zuwa sa'ad da zai same su, ba a fi rabin minti ba, ga shi kuma yana karkacewa hagu da dama in ya matso. Don jiragen Amurka aka yi shi tun farko, kowa ya san haka.

Jirgi na farko, Hangzhou mai lamba 136, an miƙa shi a watan Disamba na 1999. A hanyarsa ta zuwa gida ya ratsa ta mashigin Taiwan a watan Fabrairu na 2000, saura 'yan makonni a yi wani zaɓen a tsibirin. Fuzhou mai lamba 137 ya biyo baya bayan shekara guda. A majalisar wakilan Amurka har ƙuduri aka gabatar a 2000, na a ƙi sassauta wa Rasha bashi sai ta daina sayar wa Sin wannan makami. A 2001 kuma Shugaba Bush ya yarda a sayar wa Taiwan manyan jirage huɗu don ta rama. Waɗannan ma da labarinsu, don tun asali Shah na Iran ne ya yi odarsu, juyin juya hali na 1979 ya hana a kai masa.

Rasha ba ta fasa ba. A watan Janairu na 2002 aka sa hannu kan ƙarin jirage biyu, wannan karo sababbi fil, kuɗinsu wajen dala miliyan 1,400. Taizhou mai lamba 138, wanda ya ci sunan garin da aka haifi rundunar, ya zo hannu a ƙarshen 2005, Ningbo mai lamba 139 kuma a 2006. Sinawa sun riga sun san abin da suke so, don haka suka ce a cire igwar baya, a ƙara wa sauron nisan tafiya zuwa wajen kilomita 200, a kuma sa sababbin makaman kare kai. Duka huɗun aka ba rundunar Tekun Gabas, wadda ke fuskantar Taiwan da Japan.

CIWON TUKUNYA

Akwai wani aibu da jirgin ya zo da shi daga gida. Tururi ke tuƙa shi. Tukwane huɗu ke dafa ruwa da baƙin mai, tururin ya juya injuna biyu masu ƙarfin doki 100,000, kusan dai yadda tsohon jirgin ƙasa mai kwal ke aiki, sai dai matsin tururin a nan ya wuce misali. A lokacin da aka zana shi manyan ƙasashe sun fara komawa ga injuna irin na jirgin sama, masu tashi nan take. Rashawa sun zaɓi tururi ne domin ma'aikatar da ke yin sababbin injunan, a garin Nikolayev na Yukren, aiki ya yi mata yawa, ga kuma ma'aikatar tukwane a Leningrad da ba a so ta zauna haka nan.

Irin wannan tukunya ba ta yafe sakaci. Ruwan da za a zuba mata tilas ya zama tatacce sarai, in an sami gishiri ko ɗan datti sai bututu su toshe su fashe. Tana son ƙwararrun ma'aikata da gyara a kan lokaci, abubuwa biyu da rundunar Rasha ta rasa a shekarun 1990. Cikin jirage 17 da Rashawa suka ƙera wa kansu, waɗansu shekara 11 ko 12 kawai suka yi aka jingine su, galibi kuma an yanka su an sayar da ƙarfen. Ɗaya mai suna Bespokoyny an mayar da shi gidan kallo a Kronstadt a 2018. Na hannun Sinawa kuwa ba su daina fita teku ba. A 2008 an ga ɗayansu ya ratsa mashigin Tsugaru na arewacin Japan, a 2010 kuma waɗansunsu suna cikin ayarin jirage goma da suka wuce kusa da Okinawa zuwa cikin Fasifik.

Wannan batu ba baƙo ba ne ga Nijeriya. Aradu, babban jirgin yaƙin da aka sayo daga Jamus ta Yamma ya fara aiki a 1982, ya shafe shekaru masu yawa a ɗaure a tasha don rashin gyara, har a 2023 aka ba wani kamfanin Turkiyya kwangilar farfaɗo da shi. Sayen jirgi rana ɗaya ne, riƙonsa kuwa sai an yi ta zuba kuɗi da horar da mutane shekara da shekaru.

ALMAJIRI YA KAMO MALAMI

Tun jiragen Rasha na kan hanya Sinawa ke nasu aikin. A 2004 suka fito da jirage biyu ƙirar gida masu ɗauke da rada da makaman kakkaɓo jiragen sama irin na Hangzhou. Ba da daɗewa ba sai ga rada ta Sin mai kama da ta Rasha kamar an tsaga kara, sai ga makamin sama mai suna HQ-16 wanda masana ke dangantawa da na Rasha. Injunan zamani kuwa daga Yukren suka sayi izinin ƙerawa. A 2014 jirgi na farko na irin Nanning ya fara aiki, a 2020 kuma aka ƙaddamar da Nanchang, wanda ya haura ton 12,000, yana da ramukan harba makamai 112. Bayan Ningbo, Sin ba ta ƙara sayen distiroya daga kowa ba.

Sai aka wayi gari jiragen da ake tinƙaho da su sun zama baƙi a cikin gida. Na'urorinsu ba su jin yaren sauran jiragen rundunar sosai, makamansu sai an aika Rasha, ko wane gyara sai an nemi kayan da ba a yi a gida. Zaɓi biyu ne: a yar da su tun gangar jikinsu na da sauran ƙarfi, ko a yi musu abin da aka yi wa Anshan da 'yan'uwansa.

An zaɓi na biyu. Wajen 2015 Hangzhou ya shiga ma'aikata, bai fito ba sai wajen 2019. Aikin shekara huɗu ke nan, alhali a wannan lokaci ma'aikatun Sin na gama sabon jirgi cikin ƙasa da haka. Dalili shi ne sai da aka kwashe kusan duk wayoyi da na'urorin da ke ciki, aka yanke bene, aka sake jera kome. An cire sauro takwas ɗin, an sa makamin Sin mai suna YJ-12 guda takwas, wanda shi ma ya fi ƙara gudu, nisan jifarsa kuma ya ninka na tsohon. An sake rada, an sake bututun tofido da ƙanana ƙirar gida, an ƙara akwatin ƙananan makamai 24 a gaban ɗakin tuƙi don tare duk abin da ya kuɓuce wa na nesa. Igwa dai an bar su, don ba su da laifi.

Babban canjin yana wajen makaman sama. A tsohon tsari hannu ɗaya ne na ƙarfe a gaba, ɗaya a baya. Makami ya hau hannun daga rumbu, a juya shi, a harba, sa'an nan hannun ya koma ya ɗauko wani, ana ɓata daƙiƙa goma sha wani abu a tsakani. In hannun ya maƙale, duk makaman da ke ƙarƙashinsa sun zama kaya kawai. A sabon tsari ramuka 32 aka haƙa a bene, ko wanne da murfinsa da makaminsa a tsaye, a shirye. Ana iya sakinsu ɗaya bayan ɗaya ba jira, in rami ɗaya ya ƙi, sauran ba ruwansu. Wanda ya iya lissafi zai ce ai an yi hasara, daga 48 an koma 32. Haka ne, amma a yaƙin da makamai goma za su iya tasowa jirgi a lokaci guda, abin da ke rumbu bai taimaki kowa ba in ba a iya fitar da shi cikin rabin minti. Bayan Hangzhou, Fuzhou ma ya sha irin wannan gyara.

KO KWALLIYA TA BIYA KUƊIN SABULU?

A nan ra'ayi ya rabu. Masu suka na cewa tukwanen nan huɗu suna nan daram, ba wanda zai iya sake su sai ya tsaga jirgin biyu, ga shan mai, ga hayaƙi, ga yawan ma'aikata. Siffar jirgin ma ta zamanin da ce, duk kusurwa da tarkace, rada na hango shi daga nesa. Wajen farautar jiragen ƙarƙashin ruwa kuwa tun asali ba gwani ba ne. Bayan duk wahalar nan, abin da aka samu wajen kare sama bai wuce na matsakaitan jiragen da Sin ke ƙerawa da yawa a kan kuɗi kaɗan ba.

Maganarsu na da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba. Fagen da aka tanadi jiragen nan dominsa yana bakin ƙofar gida ne, inda jiragen sama daga tudu za su iya ba su inuwa, shan mai kuma ba zai zama damuwa ba. A irin wannan wuri jirgi mai makamai takwas masu nisa da igwa huɗu na ragargaza gaɓa ba abin rainawa ba ne. Sa'an nan kuma yawan jirage shi kansa makami ne a irin matsin da Bejin ke yi wa Taiwan, na kewaye tsibirin da atisaye a kai a kai har ma'aikatan ɗaya ɓangaren su gaji. Ma'aikatar tsaron Amurka ta ƙiyasta a 2023 cewa rundunar ruwan Sin ta haura jirage 370, ta fi ko wace yawa a duniya. Dokar da majalisar Sin ta kafa a 2005 kuwa ta ba gwamnati izinin amfani da ƙarfi in Taiwan ta ɓalle.

Ko waɗanda ba su ne aka fara gyarawa ba, ba a bar su zaune a tasha ba. Ran 14 ga Nuwamba na 2023 wani jirgin yaƙin Ostareliya mai suna Toowoomba ya tsaya a tekun da ke kusa da Japan, domin ragar masunta ta naɗe masa farfela, ya saukar da masu nutso su kwance ta. Gwamnatin Ostareliya ta ce wani jirgin Sin ya matso duk da gargaɗin da aka yi masa, ya kunna na'urarsa mai aika ƙara a ƙarƙashin ruwa, har masu nutson suka ji ciwo kaɗan, aka fito da su. Lambar jirgin 139, watau Ningbo, auta a cikin huɗun da aka ƙera a Sant Fitasbag. Ma'aikatar tsaron Sin ta ƙaryata zargin, ta ce jirginta ya tsaya nesa, bai yi abin da zai cuci kowa ba.